Rabin Maganar Mahaifiyar Talatu Na Fassara

Admin don Allah a sakaya sunana. Salama gare ku 'yan'uwa, ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai, kuma ban san inda zan sa kaina ba.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, karatu ya kawo ni Lyon, yanzu ina aikin nas a wani gidan kula da tsofaffi. Cocinmu na aiki da wata ƙungiya mai ofis a Saint-Denis kusa da Paris, duk hutun Agusta sukan tura 'yan sa kai zuwa wani gidan yara marasa galihu a yankin Maraɗi. Da suka gane ina jin Hausa sai suka roƙe ni in bi su a matsayin tafinta, na amsa da murna don ina kewar gida.

A zuwana na farko na haɗu da wata yarinya 'yar shekara biyar, bari in kira ta Talatu. Ta faɗa wuta tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta naɗe, da rarrafe take tafiya. Ba ta kula Turawan da muka je tare, in sun ɗaga kyamara sai ta juya baya. Wata rana ina wanke mata ciwon ina tsokanarta cewa kitsonta ya tsufa, sai ta ɗago ta ce, "To ki yi min sabo mana." Tun daga nan ta liƙe min, tare muke cin abinci, ni ke goya ta zuwa aji, ranar da za mu taho har takalmina ɗaya ta ɓoye a cikin tukunya wai don kada in tafi.

Da shekara ta zagayo muka koma tare da wata Bafaranshiya 'yar cocinmu, Madam muke ce mata, ita da mijinta ba su taɓa haihuwa ba, kuma mutanen kirki ne, ba zan ci zalinsu ba. Suka ce za su kawo Talatu Lyon a yi mata tiyata. A takarda an rubuta marainiya, to uban ne ya rasu, uwar na nan da ranta a ƙauye, surfe take yi wa mutane. Aka aika mata ta zo da goyo a baya. A gabana ta ce, "Na yarda a kai ta a gyara ƙafar, amma in ta warke a maido min abata, ba kyauta na bayar ba, ita ce 'yar farina." Madam ta tambaye ni me ta ce, na ce ta yarda kuma ta gode. A nan na tsaya, ban fassara sauran ba. Na gaya wa kaina tsoro nake kada su fasa, amma gaskiyar ita ce ina son yarinyar kusa da ni. Uwar ta dangwala yatsa a takardar tafiya.

Yau shekarar Talatu biyu a Lyon. An yi mata aiki sau uku, Madam ce ta yi jinyarta, yanzu da ƙafarta take zuwa makaranta. Duk Asabar nakan je in yi mata kitso in tuƙa mata tuwo, tana kirana Tata, wato anti da Faransanci, Madam kuma Maman, Hausarta ta fara zubewa. Uwar kan ari wayar maƙwabci ta yi min filashin, in na kira tambayarta ɗaya ce, "Anti ƙafar ta yi? Yaushe za ku taho?" Ni kuma in ce likita bai sallame ta ba tukuna, alhali tun bara ya sallame ta.

Yanzu Madam da mijinta suna neman riƙonta na dindindin, lauyansu ya ce sai na sa hannu a takardar shaida cewa uwar ta bar musu ita gaba ɗaya. Ran Litinin ake jirana a ofishin Saint-Denis. Na je na faɗa wa Fastonmu komai, muka yi sa'insa sosai. Ya ce in maganar ta fita za a ce ƙungiyar na raba yara da iyayensu, a dakatar da tafiyar, sauran yaran su rasa magani da makaranta, kuma ni za a fara tuhuma tunda ni ce tafinta. Ya tuna min shi ya tsaya min lokacin da takardun zamana suka cije, ya ce in yi addu'a in duba gaban yarinyar. Da na kira Mamana a gida na ba ta labari, sai ta ce, "Ke ma fa 'yar wata ce."

Asabar da ta wuce ina cikin yi wa Talatu kitso na tambaye ta ko tana tuna Innarta, ta ce eh, tana so ta nuna mata yadda take gudu. Sai kuma ta ce, "Tata, in na je zan dawo?" Na ci gaba da kitson.

In na sa hannu na yi shaidar zur na raba uwa da 'yarta. In na ƙi, Madam za ta san na yaudare ta, wataƙila ta hana ni ganin yarinyar, ko a maida ta inda ba asibitin da zai duba ƙafar, ni ma aikina da zamana su shiga matsala. Na riga na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Paris. 'Yan'uwa, musamman iyaye mata da masu sanin dokar Faransa, in hau jirgin ko in fasa? In kuma gaskiyar zan faɗa, da wa zan fara, wadda ta haife ta ko wadda ta yi jinyarta?