Damin Shinkafar da Na Mayar

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Gida lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, Hadizarka kuma ta fi ni tsawo yanzu. Na san ba a aika wa mamaci takarda, shi ya sa zan ajiye wannan a shafina inda kowa zai karanta. Abin da na yi bai kamata in ɓoye shi ba.

Shekaranjiya na dawo daga ofis na tarar da yarana sun haɗa kai a kan waya, suna kallon fim ɗin halittun wata duniya, irin wanda ake ɗora wa fassarar Hausa. Mai fassarar sai zagin halittun yake yi, yara suna ta dariya. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, kai kawai nake tunawa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ka tuna rumfar kallonka ta bayan kasuwa a Argungu? Zana, bencina, talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da janareton da sai an lallashe shi. Bayan la'asar masunta su cika wurin da ƙarnin kifi, kai kuma ka rage muryar fim ka tsaya gefe kana fassara. Turancinka dai mun san iyakarsa, Yaya, aji uku ka yi ka gudu. Amma in ka buɗe baki, sai mutum ya rantse tare da kai aka shirya fim ɗin. Mu mata ba ma shiga rumfar. Rabonmu shi ne da hantsi, in ka kawo kaset gida kana gwaji, mu baje a tabarma Inna tana tsintar shinkafa.

Akwai fim ɗin da ka fi so, har kaset ɗin ya gaji ya fara cin zare. Wasu dogayen halittu ne masu sulɓin fata kamar tarwaɗa. Duniyarsu ta bushe, suka sauka a wani fako bayan gari. Mutane suka jefe su, suka hana su rijiya, suka ce su ke kawo cuta. Can aka lura duk inda suka zauna ƙasa tana yin kore shar. Shi ke nan, waɗanda jiya suke toshe hanci suka dawo da takardu da bindigogi, wai filin na kakanninsu ne. A daidai nan kake tsayar da fim, 'yan kallo suna tsaki, ka juyo ka ce, "Ku duba da kyau. Wa ad dodo nan, su ko mu?"

Mu dai dariya muke yi maka. Ba mu san da gaske kake ba, sai shekarar da fari ya koro mutane daga ƙetaren iyaka. Ka tsinci wani Bazabarme a bakin gulbi da matarsa da 'ya'ya mata biyu, ba su da inda za su sa kai. Ka ba shi aron gonarmu ta fadama da ke kan hanyar Augie, wadda ciyawa da kainuwa suka cinye tun Baba yana da rai. Gida ya ɗauki zafi. Aka ce ba a san asalinsu ba, aka ce irinsu in sun zauna ba sa tashi. Ko akuya ta ɓata a unguwa, bukkarsu ake fara kallo. Ni ma na faɗi nawa, na ce kallon fim ya taɓa maka kai. Ka ce, "Hajo, gonag ga shekara nawa tana kwance? Bari bawan Allah shi ci abinci."

Shekara uku mutumin nan yana tumɓuke ciyawa da hannu, ruwa har ƙugu, matsattsaku suna shan jininsa. A ta huɗu sai ga shinkafa, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Duk kaka yakan ɗauko dami guda a ka har zaurenmu, ka karɓa, ku yi musabaha, ya juya. Ni a lokacin ina Birnin Kebbi, daga karatu sai aiki. Na ɗauka kyauta ce ta godiya, ban taɓa tambaya ba.

Bayan rasuwarka maganar ta canja. Wani babban manomi mai injinan ban ruwa ya ga gonar ya yaba, ƙannenka Sule da Bello kuma suka fara tunawa cewa ta gado ce. Kunya ce kawai ta hana su korar mutumin da kai ka zaunar. Ina jin ƙus-ƙus ɗinsu duk zuwan da na yi. Ban goyi bayansu ba, ban kuma tsawata musu ba.

Kakar bara na je gida hutun ƙarshen mako. Maza sun tafi ɗaurin aure Zauro, Inna tana kwance, sai aka yi sallama. Na fita na ga Bazabarmen da dami a ka. Ya rame, Yaya, rigarsa duk faci. Tausayi ya kama ni, na ce ya koma da shi su ci da iyali, mu bana ba ma bukata. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, in koma da shi?" Na ce masa e, har da murmushina. Ya ce, "Mun gode. Allah shi jiƙan Ummaru." Ya gyara damin a kansa ya tafi, ni kuma na koma ciki ina jin na yi aikin lada.

Bayan mako biyu Inna ta kira ni. "Ke ɗiyar nan, mi kinka yi? Boko ya hana ki sanin gida." Ita ta fahimtar da ni abin da ko yaron ƙauye ya sani. Damin nan shi ne shaidar mai aro cewa gona ba tasa ba ce. In mai gona ya karɓa, ya ba shi wata shekara ke nan. In ya mayar, ya sallame shi. Bazabarmen da iyalinsa sun girbe abin da ya rage, sun share bukkar, sun aiko da fartanyar da ka ba shi, sun shiga kwalekwale ba tare da sun yi jayayya da kowa ba.

Sule har godiya ya yi mini, wai na yi abin da ya gagare su. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo. Kafin noman rani an sayar da gonar. Ni kaɗai na ƙi sa hannu, aka yanke mini rabona, ɗan siririn wuri a bakin ruwa.

Ina gaya wa mutane ban san al'adar ba, kuma gaskiya ne. Amma kai ba zan ɓoye maka ba. Da ya yi mini tambayar nan na ga fuskarsa, na ga wani abu ya faɗi a cikinta, ban tsaya na tambaye shi mene ne ba. Da ɗan unguwarmu ne, da na tambaya. A finafinanka akwai masu bindiga, akwai kuma mutanen kirki da ke tsaye a gefe suna kallo, kuma ban taɓa tunanin a cikinsu zan tsinci kaina ba.

Watan jiya na ɗauki hutu na shiga mota zuwa Kamba, daga nan Dole Kaina ta bakin iyaka ranar kasuwa. Niyyata in same shi, in roƙe shi gafara, in ce ya dawo ya noma rabona. Na sami wani dattijo mai fito da aka ce ya san kowa a gulbin. Ya saurare ni har na gama, ya ce nemansa ba wuya, in dai faɗa masa sunan mutumin.

Yaya, ashe ban san sunansa ba.

Shekara goma sha ɗaya yana noma gonarmu, "Bazabarmen Ummaru" muke ce masa. A nan bakin ruwa na kira Inna, ba ta sani ba. Na kira Sule, na kira Bello, ba wanda ya sani. Ba sunansa, ba na matarsa, ba na garinsu. Kai kaɗai ka taɓa tambayarsa, kai kuma ka tafi da amsar.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da gidan da ya fi wanda ka ba baƙo. Shi kuma bawan nan, Allah da Ya san sunansa Ya ba shi ƙasar da ba mai tashinsa, Ya ciyar da 'ya'yansa, Ya sa ya yafe mini tun kafin mu haɗu a gabansa. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hajo
Birnin Kebbi