Takardun Baba a Kan Tebur

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya da yara?

Ina lafiya, kada ki damu. Karatun likita ne dai ba sauƙi, ga kewa.

Jiya malaminmu ya raba mana binciken marigayi Baba kan ciwon zuciyar masu jego. Ya ce masana sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da shi. Na kasa ce masa mahaifina ne. Muryarki kawai nake ji: "Malam, kwashe tarkacen nan mu ci abinci."

Idan tarkacen na nan cikin kwalin ƙarƙashin gado, ki aiko mini ko shafi ɗaya. Na nan bugagge ne tsaf, babu rubutun hannunsa, babu tabon shayinsa.

Allah ya bar mana ke.

Autarki