Shuɗiyar Fitilar Hammanjoda

Mayo Gwoi, Jalingo.

Adda Hajaratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna?

Abin da kika ji gaskiya ne. Maigidana Hammanjoda ya tafi gyaran sola a asibitin ƙauyen nan na bayan dutse, 'yan bindiga suka tare hanya, suka ƙona ƙarfen sabis. Waya ba ta shiga.

Amma ki kwantar da hankalinki. Sabar asibitin, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya, ta tauraron ɗan'adam take haɗe da ofishinmu, kuma ni ke kula da ita. Daga kujerata nake kunna ta, in kashe, in ga zafinta. A goshinta akwai 'yar shuɗiyar fitila da nake iya kunnawa daga nan. Ranar Talata na kunna, can sai na ga an danna maɓalli an kashe. Na sake, aka sake. Shi ne, Adda! Mutumin da ba ya ɗaga wayata, yau ga shi yana amsa fitila.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Nasiba


Adda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kullum da safe ina kunnawa, yana kashewa. Oga Simeon, shugabanmu a ofis, ya ce in goge sabar kada sunayen mutane su faɗa hannun miyagu, mu rufe layin. Na roƙe shi, ya ɗaga mini ƙafa. Tsoro nake ji, abinci ma ba ya shiga.

Taki,
Nasiba


Adda,

Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya.

Tun Alhamis fitilar ke kunne, ba wanda ya taɓa ta. Yau sabar ta nuna an buɗe murfinta, an fizge faifan ajiya ɗaya tana cikin aiki. Hammanjoda ba zai yi haka ba. Ko filogin firij kika zare ba ki kashe ba, sai ya yini yana mita.

Na goge sauran bayanan da hannuna, Oga na tsaye a kaina. Kafin azahar layin ya ɗauke.

Ki zo, don Allah. Kada ki faɗa wa Inna tukuna. Fitilar dai a kunne na bar masa ita.

Ƙanwarki,
Nasiba