Muryar Mama a Cikin Muryoyin Manoma

Nairobi, 14 ga Maris

Zuwa ga yayana Kyalo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Ndinda da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku juriyar sanyin Jamus. Mu nan mun gode Allah. An yi ruwa a Makueni, masarar Mama ta yi kyau, ƙanwarmu Mutheu kuma ta sauka lafiya, an sami namiji.

Yaya, ka san ni ce lauyar kamfaninmu, mai manhajar nan da manoma ke kira ta waya su yi tambaya, ta amsa musu kamar mutum. Masu kamfanin sun matsa a buɗe ta a Yuganda da Tanzaniya kafin bikin Ista, alhali kowace ƙasa da tata dokar. Ana cikin haka sai ga sammaci daga hukumar kare bayanan jama'a, wai mu zo mu faɗi inda muke kai muryoyin mutane. Da na bincika, ashe Turai ake tura su don koyar da na'urar, ba a nemi izinin kowa ba. Shugabanmu, Mista Gathogo, ya ce in sa hannu cewa manoma sun yarda. Da ya ga ina jinkiri, ya ce lauyar da ke tsoron biro gara ta koma sayar da tumatir a kasuwar Marikiti.

Na ce sai na saurari abin da ake turawa tukuna. A kwana na uku na ji muryar Mama. Ta fara da tambaya kan akuyarta mai tari, sai ta rage murya ta ce wata biyu ke nan tana jin ƙullutu a ƙirjinta, amma ba ta son 'ya'yanta su sani.

Ban sa hannu ba. Ranar Litinin na tsaya gaban hukumar, na faɗi abin da na gani. Sun dakatar da manhajar, sun ba mu kwana sittin mu goge muryoyin. Tun ranar Mista Gathogo bai amsa gaisuwata ba, na ji ma ana neman wani lauya. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ina jin tsoro.

Na san faɗa maka ɗin nan ma ya saɓa wa dokar da na tsaya karewa. Don Allah ka kira Mama ranar Lahadi bayan coci, ka ce kai ne kake son likita ya duba ta. Maganarka take ji. Ni zan kai ta asibiti a Machakos. Kada ka bari ta gane mun sani.

Ka gaida Ndinda, da Mumo, da auta Kavata. Kawu Musyoka yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Mwikali