Kwamfutar Ajinmu Ba Ta Mutu Ba, Kwanan Wata Ta Manta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke kula da azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, gaisuwar tsofaffi doguwa ce, amma zan gutsure ta tunda an ce aiki ya yi maka yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafin bazarar nan? Allah shi saukar muna da damina mai albarka.

Sunana Dije, ana ce mini Inna Dije. Ɗaliba nake a ajin mata na Malama Hassi, a nan Nasarawa Burkullu. An gaya mini shekarunka ba su wuce na jikana Lawali ba. To ashe kai ma mijina ne, kuma miji ba ya fushi don tsohuwar matarsa ta kai ƙararsa gaban jama'a. Na rubuta a buɗe ne saboda sau biyu muna aika takarda ofishinku tana ɓacewa, ko a hanya, ko a aljihun wani.

Ga abin da ya taso ni. Takarda ta iso wa Malama daga wurinku cewa kwamfutar ajinmu ta lalace, za a zo a ɗauke ta kafin watan nan ya mutu, a goge abin da ke cikinta tas, a kai ta sito. Tun ranar anka sa wa ɗakin kwaɗo. Ina roƙon ka saurari tsohuwa kafin motarku ta taso.

Na ɗaya. Baƙar fuskar da kwamfutar ke da ita ba ciwo ba ne, haka anka shirya ta. Sabis ɗin garinmu kamar rijiyar bazara yake, sai ka zura guga ka jira. Ita kuma kwamfutar tsohuwa ce irina, ba ta ɗaukar kaya mai nauyi. Da Lawali ya zo Sallar layya daga Fatakwal, inda yake aikin gyaran irin waɗannan na'urori, ya nemi izinin Malama ya sauke mata duk hotuna da kwalliya, ya bar mata rubutu zalla. Yanzu in an kunna ta, baƙin fili ne kamar daren da babu wata, sai ɗan farin tabo yana ƙyaftawa a kusurwa, yana jiran a yi masa magana. Ka rubuta sunan akwatin imel, wasiƙu su jeru layi layi kamar kunyoyin gona. Harafin m na sabuwar wasiƙa ne, r na mayar da amsa, q na fita. Duk ya rubuta mini su a bayan littafina. Da wannan nake zagin Lawali kowace Talata a kan ya ƙi kawo mini goro, shi kuma ya amsa cewa ya sake ni tun bara. Sauran matan ajin ma da ita suke jin labarin ɗiyansu da ke nesa.

Na biyu. Ciwon gaskiya da ke damunta mantuwa ce. Wata safiya bayan girbi mun kunna ta, ta ƙi ɗauko wasiƙu, ta jero wani Turanci. Malama ta karanta ta ce wai takardar shaidar gidan wasiƙun lokacinta bai yi ba tukuna. Mun sake kalmar sirri, mun cire wayoyi mun mayar, Malama har ta hau kujera ta juya ƙarfen sabis wajen gabas. Shiru. Kwana uku muna haka. A na huɗu nake duba bayan littafina, na ga inda Lawali ya rubuta ƙanana: in ta ƙi, fara tambayarta kwanan wata. Munka tambaye ta. Ranka shi daɗe, sai ta ba mu wata shekara can baya, shekarar da anka ƙera ta. A wurinta duniya ba ta iso yau ba. To yaya za ta yarda da takardar da, a lissafinta, ba a ma rubuta ta ba?

A nan zan tona asirin kaina kafin wani ya tona. A wannan ranar Malama ta tafi asibiti da ɗiyarta, na ce ni zan gyara. Na san kwanan wata sarai, ni da nake ƙirga shi tun ina budurwa don azumi da suna da arba'in. Sai na zauna na ba ta namu na Musulunci, wata da shekara, ban rage komai ba. Ta tofar. Na sake ba ta, ta sake tofarwa. Na ce mata ke dai ba ki taɓa ganin jinjirin wata ba. Da Malama ta dawo ta yi dariya har mayafinta ya zame, ta ce ai na nemi in mayar da baiwar Allah zamanin da ko kakannin kakanninmu ba a haifa ba. Ta sa mata na boko, nan take wasiƙu sunka zubo kamar an kwance bakin buhu. Lawali ya bayyana muna sauran a wasiƙa: akwai ɗan batir a cikinta, faifai kamar kwabo, shi ke riƙe mata agogo in wuta ta ɗauke. Ya mutu. Shi ya sa kullum solar ajin ta huce, sai ta wayi gari a waccan shekara. Tun daga nan kowace safiya muke gaya mata ranar da ake ciki, ta yi aikinta lafiya lau.

Na uku. Ma'aikacin da kunka aiko duba ta bai tambaye mu ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya zo ranar da babu aji, mai gadi ya buɗe masa. Mai gadin ya ce ya kunna ta, ya yi ta jan ɗan abin nan da ake ce wa ɓeran kwamfuta a kan tebur yana neman kibiya a fuskarta, bai gani ba. Ya bubbuga mata ƙeya, ya ce gilashinta ya ƙone, ya rubuta a takardarsa, ya hau babur don kada la'asar ta same shi a hanya. Ban ga laifinsa a kan hanya ba, duk mun san yadda take. Amma wanda ya tarar da tsohuwa ta rufe ido a inuwa, ai sallama ya kamata ya yi mata kafin ya aika a haƙa kabari.

Na huɗu, wanda shi ne ya hana ni cin tuwo. Wannan ko Malama ba ta san dukansa ba, sai yanzu.

Shekarar da kwamfutar ke komawa, Malam maigidana yana raye. Muna ƙauyenmu na wajen Zugu, ba mu san za mu taɓa baro shi ba. Ranar da na fara ganin shekarar a fuskarta, sai na ji kamar an ɗaga labule. Na ga tsamiyar ƙofar gida. Na ga Malam zaune a gindinta yana tufka igiyar rama a cinyarsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Na ji muryar Fulanin da ke kawo muna nono tun daga bayan rumbuna, geron gonar fadama ya yi kai har yana sunkuyawa. Sai na roƙi Malama ta riƙa bari na ɗan zauna da ita haka nan kafin a gyara mata rana. Tana share aji, ni kuwa ina danna m.

Wasiƙa nake rubuta masa. Na san za a ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Na san mamaci addu'a yake bukata, kuma ba ta yanke masa ba ko rana ɗaya. Ba na jiran amsa. Amma mutumin nan shekara da shekaru yana mini dariya wai ban san bihim ba, ya tafi bai ga na riƙe biro ba. To yanzu ina gaya masa da hannuna. Na gaya masa wa anka haifa, wa ya yi aure, wace akuya ta ci amanata. Na gaya masa Lawalin da yake goyo a kafaɗa yanzu ya fi shi tsawo da rowa. In na gama, kwamfutar ta tambaye ni ina za a kai, ni kuwa ba ni da adireshin da zan ba ta. Sai in zaɓi a ajiye sai wani lokaci. Akwai wani ɗan lungu a cikinta da take tara wasiƙun da ba a aika ba. Nan suke kwance. Waɗanda na aika wa Lawali yana da su a wurinsa. Waɗannan kuwa babu su ko'ina a duniya sai cikin baƙin akwatin nan da kuke shirin gogewa.

Saboda haka ga roƙona, ranka shi daɗe. A dakatar da motar. A buɗe muna ɗakin ranar aji, a aiko ma'aikacin nan ya zauna kusa da ni in nuna masa yadda ake yi mata sallama, ba zan gaya wa kowa tsohuwa ce ta koya masa ba. Ya taho da ɗan batirin, masu gyaran agogo na Gummi ma an ce suna da shi. In kuwa dole sai kun ɗauke ta, to kada a goge komai sai an kwashe mini wasiƙuna an buga su a takarda, na riƙe su a hannuna.

Zan faɗa maka gaskiya, in an sa batirin zan yi kewar waccan shekara, don ba za ta ƙara komawa can ba. Na yarda. Matan ajinmu sun fi bukatar yau. Amma akwai wasiƙa ɗaya da na bari rabi ranar da anka sa kwaɗon. Ina cikin ba Malam labarin yadda munka baro gida ne, na kai daidai inda na ja ƙofar ɗakinsa na ɗaure ta da igiyar da ya tufka. Ban kai ga gaya masa mun iso lafiya ba.

Allah shi ja zamaninka, shi raba ka da sharrin hanya da na masu kai rahoto da gaggawa. Allah shi jiƙan magabatanka, shi ba ka jikokin da za su tsokane ka. Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Taka tsohuwa,
Inna Dije,
Ajin mata, Nasarawa Burkullu.