Shekara Biyu Ban Sha Furar Inna Ba

Hajiya Rahinatu, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Ɗan kabu-kabu ne ni a Tawa, ina ɗaukar fasinja a babur, mahaifiyata tana Kalfu, ga gari kusa, amma shekara biyu ke nan ban zauna tabarma ɗaya da ita ba.

A Abijan korona ta kama ni, lokacin ina cin rani. Mu biyu muka kwanta a ɗaki ɗaya, ni da Baba Alƙasum, dattijon garinmu da ya riƙe ni a can. Ni na tashi bayan kwana goma, shi bai tashi ba. Da na dawo gida sai wasu ma'aikatan lafiya masu bincike suka ɗibi jini a yatsana, suka ce akwai alamar cutar a jinina. Ban tambayi komai ba, kunya da tsoro suka rufe mini baki. Ga shi har yau hancina bai dawo daidai ba, ko albasa ake soyawa da ƙyar nake jin ƙamshi. Sai na ce lallai tana nan kwance a jikina.

Hajiya, Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Da hannu take gane ƴaƴanta, ta shafa fuska ta faɗi suna. Kuma a gidanmu duk wanda ya dawo daga tafiya, ita ke dama fura, ta fara kurɓa, ta miƙa masa ludayin. Ranar da na dawo, daga bakin ƙofa na gaishe ta, rawani a baki, na ce azumi nake. Ƙarya na yi. Tun daga nan haka nake yi, in kai fasinja Kalfu, in tsaya a zaure in yi sallama, in juya. Ƙanwata Nasiratu ta ce Inna ta daina tambaya ta, amma har yanzu tana ajiye ludayin daban, wai na baƙon Abijan ne da bai iso ba tukuna.

Wallahi kewarta nake. Hannun nan nata mai kaushi nake so a fuskata. Amma in na tuna numfashin Baba Alƙasum sai ƙafata ta ƙi shiga. In na je na kashe ta fa? In kuma ta tafi ban je ba?

Naki, Mai Kewa daga Tawa.

AMSA

Ɗana Mai Kewa, Allah Ya jiƙan Baba Alƙasum. Tsoronka daga ƙauna ya fito, ban raina shi ba. Amma ka yi wa sakamakon gwajin nan gurguwar fahimta, kuma ka sha wahalar banza.

Idan ƙwayar korona ta shiga jiki, garkuwar jiki ke tasowa. Zazzaɓin da ka yi da ciwon gaɓoɓi, faɗan ne ake yi. Cikin kwanaki jiki yana ƙera wasu sinadarai da ke maƙale wa ƙwayar su hana ta shiga, wasu ƙwayoyin jini kuma su share inda ta ɓuya. Ga yawancin mutane, bayan kwana goma zuwa mako biyu ba sa iya sa wa kowa. Sinadaran nan kuwa suna zama a jini watanni, kuma su gwajin yatsa yake nema. Sawun cutar aka gani, kamar toka a murhu bayan wuta ta mutu. Hanci kuma yakan daɗe bai warware ba saboda ɓarnar da faɗan ya bari, ba ya nufin kana ɗauke da ita. Ka nuna wa likita hancin, don hankalinka ya kwanta.

In tsokane ka kaɗan: shekara biyu mutane na manne da bayanka a kan babur, nawa ka ji sun faɗi?

Inda kake da gaskiya shi ne garkuwar tsoho ba ta da saurin ta saurayi, wani lokacin kuma faɗan kan wuce kima ya illata huhu. Kariyar da ka samu ma tana raguwa, ana iya sake kamuwa. Don haka duk ranar da kake mura, tari ko zazzaɓi, tsaya a zaure kamar yadda ka saba, har ka warke. Ka tambayi likitan Kalfu batun rigakafi domin Inna.

Amma ranar da kake lafiya lau, babu abin da ke jininka da zai cuce ta. Abin da ke cin ta yanzu shi ne zaton ɗanta yana gudunta. Ka je gobe, kada ka jira Juma'a. Ka wanke hannu, ka sauke rawanin nan, ka durƙusa ta shafa fuskarka. Ka faɗa mata ba azumi kake ba, tsoro ne, ka roƙi gafara. In ta miƙo ludayin, ka karɓa da hannu biyu.

Allah Ya sa ka same ta lafiya, Ya ƙara muku kwanaki tare.

Hajiya Rahinatu