Kwalta Ta Iso Layinmu, Saura Lambatu

Zuwa ga Injiniya mai kula da hanyoyin cikin gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Bukar, ana ce mini Helima, don na yi shekara ashirin da ɗoriya ina shugabantar leburorin hanya kafin gwiwa ta zaunar da ni. Yanzu ina da ɗan teburin atamfa a Kantin Kwari. Gidana yana Fagge, a layin da ya miƙe zuwa Sabon Gari, wanda aka shimfiɗa wa kwalta bara. Na biyo ta jarida ne saboda sau uku ina zuwa ofis, masinja yana cewa ka fita duba aiki. Na kuwa yarda, don na ga aikin da idona.

Na ɗaya, godiya. A zamaninmu marmara muke haƙowa, jakuna su kawo, mu baje, mu yayyafa ruwa, mu daddaɓe. Damina ɗaya ta cinye, mu sake. Da kuɗin man fetur suka zo, ina tsaye a ƙofar gida gireda ta share layinmu a yini biyu, aka zuba burji, rola ta danne, aka bi da tsakuwa, aka malala kwalta. Na durƙusa na taɓa da hannuna, ban ga ha'inci ba. Yau kurar dilolin yadi ba ta kafewa a taɓo, mai tasi ba ya ƙin shigowa, mai naƙuda tana isa asibiti a kan kari. Allah ya saka da alheri.

Na biyu, titin ya fi dokin ƙofofinmu tudu da kusan taƙi guda. An gina lambatun kankare a hannun kantuna, namu hannun kuwa, gida goma sha ɗaya, an bar shi haka. Tun ana aikin na nuna wa mai kula da leburorin ɗan kwangila. Ya ce, "Baba, ba ya cikin takarda." Bai yi mini rashin kunya ba. Wanda ya zana takardar ne bai taɓa tsayawa a layinmu ana ruwa ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Marmara tana shan ruwa, kwalta ba ta sha, sai ta miƙa wa na ƙasa da ita. A markar da ta wuce, wata Laraba da hantsi ina kasuwa, ruwa ya gangaro ya cika zaurena, ya kwanta a gindin ɗakin mahaifiyata, Ya Falmata, wadda tsufa ya rage wa gani. Maƙwabcina Mista Obi, mai gyaran rediyo, wanda ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake kafa shagonsa, shi ya ji ihun mata. Ya yi sallama, ya kutsa ruwa iya ƙwauri, ya goyo ta ya fitar. Kafin la'asar bangon ɗakin, da yake na ƙasa ne, ya zube. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, na kuma sake gini da bulo. Amma har damina ta ƙare, da hadari ya haɗo sai tsohuwa ta ƙulle kayanta, ta zauna bakin gado tana tambaya ko Obi yana shago.

Ga roƙona. A ja mana lambatu daga bakin masallacin layi zuwa babbar kwata. Taku ɗari da arba'in ne, na auna da ƙafata. A kuma sa mutum biyu su riƙa yashe kwalbatin mararraba kafin ruwan fari, don yashi ya soma toshe shi. Sannan duk titin da za a zana nan gaba, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi, ba za su ɓoye ba.

Magidantan layi mun zauna, Musulmi da Kirista, mun yanke shawara: in kun turo mai awo ya ja mana igiya, haƙa tamu ce, ku kawo siminti da magina. Rani ya raba, ranka ya daɗe, a taimaka kafin gajimare ya taso.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikin gwamnati lafiya.

Wassalam.

Naka,
Bukar Helima, Fagge.